Baƙon Barandar Inna Balkissa

Nassirou ya fara ganin mutumin ne wata safiya, lokacin da ganyen bishiyoyin garin Greenbelt na jihar Maryland ya gama yin ja ya soma zuba. Ya fito zai ɗumama mota, sai ya hango shi tsaye a gindin wata bishiya can ƙetaren ciyawa, dogo, baƙi, da furfura a gemu, ya kafa madubin hangen nesa a ido. Ba titi yake kallo ba. Barandar Nassirou yake kallo, ta ƙasan bene, inda labule yake buɗe.

Bayan gilashin kuwa Inna Balkissa ce zaune da carbi a hannu.

Mahaifiyarsa ce. Daga Damagaram ta zo da bizar ziyara, don wankan jegon matarsa Safiatou. Jego ya ƙare, jaririya ta fara zama, ta fara rarrafe, biza ta mutu, Inna ba ta koma ba. Ta koma wurin wa? Mijinta ya rasu, ɗakinta na can damina ta kayar da bangonsa, Nassirou ne ɗan fari, shi ne kuma kaɗai ya rage mata. Lauya ya ce sai Nassirou ya samu takardar zama ɗan ƙasa sannan zai iya nema mata izinin zama. Kafin nan ta zauna shiru, kada ta yi abin da zai jawo ido. Tun daga lokacin, ko mai kawo saƙo ne ya ƙwanƙwasa ƙofa sai gidan ya yi tsit, har jaririyar kamar ta san abin da ake ciki.

Nassirou ya shiga mota, ya karkata madubi yadda zai riƙa ganin mutumin. Mutumin ya sauke abin hangensa, ya latsa waya, ya sake ɗagawa. Nassirou ya ja mota ya bar unguwa.

Washegari sun zama biyu, da wata Baturiya mai kyamara, bakin kyamarar ya kai tsawon taɓarya. Kafin tsakiyar mako suka zama gungu. Ba sa hira da ƙarfi, raɗa suke yi. Wani ya nuna da yatsa, sai duk su juya lokaci ɗaya kamar sahun salla. Duk tufafinsu ruwan ƙasa ne ko kore mai duhu, irin na mutanen da ba sa son a gan su. Nassirou direba ne, yana ɗaukar fasinja daga tashar jirgin ƙasa ta Metro a Greenbelt, amma makon nan tuƙi ya gagare shi. Ya sauke fasinja sai ya kashe waya, ya zagayo ta bayan unguwa a hankali, ya leƙa, ya wuce. Kullum suna nan.

Safiatou ta dawo daga aikin kwana a asibitin Largo, tana cire takalmi ya tare ta a kicin, ya rage murya.

"Kin gan su?"

"Na gan su, Baban Ummi. Wataƙila masu auna fili ne."

"Masu auna fili suna auna taga ɗaya har mako guda?"

Ta murza ƙafa. "To wa zai kai mu? Ba mu da faɗa da kowa."

Ya ɗaga kai ya dubi silin. Ita ma ta duba.

A samansu Martina take, wata dattijuwa 'yar Honduras mai aikin share ofisoshi. Da can suna gaisawa a matakala. Sau ɗaya ta taɓa saukowa tana toshe hanci ranar da Inna ta jefa daddawa a miya, aka yi dariya, aka wuce. Amma kwanan nan ta daina gaisuwa. Ta ja labulayenta ruf. In Nassirou ya fito, yakan ga gefen labulenta ya motsa, ido ɗaya ya leƙo, ya koma. Jiya ma sun yi kiciɓis a wurin injin wanki, ta kwashe kayanta da danshinsu ta haye sama.

"Mai gaskiya ba ta gudu da jiƙaƙƙen wanki," in ji Nassirou.

"Bon," in ji Safiatou da Faransanci. "Yanzu me za mu yi?"

Ya riga ya yi waya da ɗan baffansa Idrissa, mai tuƙi a filin jirgin Dulles. Idrissa ya ce a kawo Inna gidansa a Sterling ranar Asabar. Sai dai ɗakin da yake da shi na ƙarƙashin ƙasa ne, babu taga ko ɗaya, kuma direbobi ne ke kwana a saman, masu shiga da fita ba dare ba rana. Safiatou ta ce tsohuwar da ta saba da ganin sama ba za ta yi wata ɗaya a rami ba. Nassirou ya ce gara ramin Idrissa da jirgin da ba ita ta zaɓa ba.

Da ya gaya wa Inna, ba ta yi musu ba. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Mai Mota take ce masa.

"To, Mai Mota, yadda ka gani. Amma wa zai riƙa ba baƙona abinci?"

"Wane baƙo, Inna?"

"Ɗan shuɗin nan."

Bai saurara ba, hankalinsa yana can gindin bishiya. Ya san dai tana da al'adarta. Tun a Damagaram, kowace safiya bayan ta idar da salla sai ta watsa wa tsuntsaye gero a tsakar gida, sadaka ga iyayenta da suka rasu. A nan babu gero sai na fura mai tsada, don haka takan ajiye tsohon faranti a kan bangon baranda, ta zuba ragowar shinkafa da ɓawon gwanda da ayabar da ta yi baƙi, da ruwa a murfin kwalba. Gwarare na zuwa, kurciyoyi na zuwa, har da kuregen ƙasar nan, wanda ya fi na gida ƙiba da rashin kunya, yana tsayawa da ƙafa biyu yana kallon mutum kamar ya zo karɓar haya.

Da asubar Alhamis Nassirou ya ɗauke farantin, ya juye shi a shara, ya ja labule ya danne gefensa da kujera. Ya ce daga yau ba baranda, ba taga. Inna ta dubi labulen, ta dubi carbinta. Safiatou ta sauko da akwati daga saman kabad.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tsorata shi. Da ya fito, gungun nan ya rikice, suna kai da komo, suna nuna barandar. Kafin ya buɗe ƙofar mota, dogon mai furfura ya baro bishiya ya nufo shi, yana tafiya a hankali, hannuwansa a fili. Nassirou ya yi bisimilla a zuci, ya tuna abin da lauya ya ce: kada ka yi ƙarya, kada kuma ka faɗi abin da ba a tambaye ka ba.

"Barka da safiya," in ji mutumin da Turanci. "Sunana Jerome. A nan kake zaune?"

"Me ya faru?"

"Farantin da ke kan bango. An ɗauke shi."

"Laifi ne?"

"Ko kaɗan. Sai dai shi ke riƙe da ransa."

"Ran wa?"

Jerome ya cire madubin daga wuyansa ya miƙo. Nassirou ya dubi abin kamar ankwa aka miƙo masa. Ya tambaye shi aikin da yake yi.

"Na yi ritaya. Da ma'aikacin gwamnati ne."

"Wane ofis?"

"Na ƙididdigar amfanin gona," in ji Jerome yana dariya. "Masara da waken soya. Duba can, reshe na ƙasa, kusa da bututun ruwan sama."

Nassirou ya karɓa don kada ƙin karɓa ya zama abin zargi. Da farko duhu ya gani da gashin idonsa. Sannan reshe ya taso ya cika masa ido, har yana ganin tsagar ɓawonsa. A kan reshen ga wani ɗan tsuntsu, ya ɗan fi gwara girma. Kansa da ƙirjinsa toka-toka ne mai haske, kamar farar riga da aka tsoma a ruwan bula aka shanya. Bayansa ya fi duhu. Fukafukai da bindi kuwa shuɗi ne sosai, da wani ɗan tabo mai sheƙi a kafaɗa. Bakinsa gajere mai kauri, idonsa baƙi ƙirin. Bai iya zama wuri ɗaya ba. Ya yi tsalle nan, ya sunkuyar da kai ya leƙa ƙarƙashin reshe, ya juya ya leƙa ɗaya gefen, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Sai ya dubi bangon baranda inda faranti yake da, ya yi wani siririn kuka mai ƙiiƙii, irin na ƙofar da ta rasa mai.

"Ƙwari yake nema a ƙarƙashin reshen," in ji Jerome a hankali. "Haka danginsa suke yi. Amma sanyi ya kashe ƙwarin. Tanaja ake ce masa, mai ruwan toka da shuɗi. Muna da tsuntsaye shuɗɗa a nan, ɗaya yana da jan ƙirji, ɗaya yana da tukku da faɗa. Wannan ba ya cikinsu. Gidansa daga Meziko ne zuwa Brazil, wurin zafi, cikin lambuna da gonaki da bayan gidajen mutane, inda gwanda da ayaba suke nuna. Biyu-biyu suke yawo, mace da namiji kamarsu ɗaya. Kuma ba ya ƙaura. Ba shi da dalilin zuwa Maryland."

"To ya aka yi ya zo?"

"Gardamar da muke yi ke nan. Wasu sun ce guguwa ce ta kwaso shi. Ni ban yarda ba. Dubi ƙarshen bindinsa, ya cinye kamar tsohuwar tsintsiya. Waya ce ke yin haka. Wani a unguwar nan ya ajiye shi a keji, kuma ina shakkar ta hanyar da ta dace aka shigo da shi ƙasar." Ya dubi Nassirou. "Ba naka ba ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba sai yanzu."

"Na yarda. Amma ka mayar da farantin, don Allah. Na sa labarinsa a shafin masu kallon tsuntsaye. Ranar Asabar za ka ga jama'a, har daga Baltimore. Wata mai rubutu a jaridar unguwa ma za ta zo."

Ya ciro waya ya nuna masa hoto. Ga tsuntsun ras a bakin faranti da gutsuren gwanda a baki. Bayansa kuma, ta cikin gilashi, ga fuskar Inna Balkissa da mayafinta, dishi-dishi, amma duk wanda ya san ta zai gane ta.

"Wace ce wannan baiwar Allah? Kowa yana son ya yi mata godiya. Mai jaridar tana son jin sunanta da ƙasar da ta fito."

"Ba ta jin Turanci," in ji Nassirou. Ya miƙa masa madubinsa, ya shiga mota.

Ya hau babban titin da ya kewaye birnin, motoci sun cushe, ya zauna a cikinsu yana juya maganar. Tsuntsun dai gaskiya ne, da idonsa ya gan shi. Amma wane mai hankali ne zai bar ɗakinsa mai ɗumi ya tsaya cikin sanyi yana kallon abin da ko loma ɗaya bai kai ba? Ba zai ci ba, ba zai sayar ba, ba zai haɗa magani da shi ba. In kuwa mutum yana son ya sa wa gida ido ba tare da an tanka masa ba, ai babu dabarar da ta fi wannan. Wa ya sani ma ko su suka sako tsuntsun? Ya taɓa jin wani fasinja yana cewa akwai na'urori masu tashi da ake yi musu siffar tsuntsu. Ya tuna yadda ɗan shuɗin yake leƙa ƙarƙashin reshe. Ko ma dai mutanen nan tsuntsu kawai suke so, sakamakon ɗaya ne: ranar Asabar kyamarori za su cika gaban tagarsa, wata kuma za ta zo da tambayoyi. Dole Inna ta bar gidan kafin su iso.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci bai koma aiki ba, ya biyo gida don ya ɗaure kaya. Ya murɗa mabuɗi ya tura ƙofa, sai ya tsaya cak.

Martina ce zaune a kan tabarmar Inna, ta miƙe ƙafafu, Ummi tana wasa da maɓallin rigarta. Gabanta ga kofin kunu ta sha rabi. Tsakaninta da Inna akwai wani abu mai kusurwa huɗu an lulluɓe shi da tawul. Safiatou tana ɗaki tana barcin gajiya.

"Inna, wa ya buɗe mata?"

"Ni. Ta ƙwanƙwasa da kuka, in bar ta a waje?"

"Matar nan ce ta kai mu."

"Zauna, Mai Mota. Tsayuwarka tana tsorata baƙuwa."

Martina ta riga ta miƙe, ta rungume jakarta a ƙirji. Da guntun Turancinta ta ce, "Kai ka kira su. Na gan ka kana zagayawa da mota kullum. Jiya na gan ka kana magana da shugabansu, har ya ba ka madubi."

"Ni na kira su? Ke ce kike leƙe ta labule."

"Ina leƙen ka ne don kai kake leƙe na."

Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta miƙa hannu ta yaye tawul ɗin. Keji ne na farar waya, babu kowa a ciki, sai ɗan lilo da kwanon ruwa.

Martina ta koma ta zauna. A hankali labarin ya fito, rabi da baki rabi da hannu. Asuleho suke ce masa a ƙasarsu. A gidan mahaifiyarta akwai bishiyar gwanda a bakin rijiya, kullum da safe sai sun zo su biyu sun huda wadda ta fi nuna, tsohuwar tana korarsu da tsintsiya tana zagi. Da mahaifiyar ta rasu Martina ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ɗanta ya ga ta daina cin abinci, sai wata rana ya shigo da kejin nan da tsuntsaye biyu, ya ce a bayan motar wani mutum ya saya, bai tambayi inda mutumin ya samo su ba. Ɗaya ya mutu da bazara. Ɗayan kuma ya fice ranar da take wanke keji ta manta taga a buɗe. Tana ganinsa kullum daga sama yana cin gwandar Inna, ba ta da halin saukowa ta kira shi, ga mutanen nan tsaye. In suka gane nata ne za su zo da tambayoyi, tambaya kuma ba ta tsayawa a kan tsuntsu.

Ba ta faɗi abin da take tsoron a tambaye ta ba. Nassirou bai tambaya ba. Ta dubi akwatin da ke jingine a bango, ita ma ba ta tambaya ba.

"An ce sanyi mai daskarar da ruwa yana zuwa daren gobe," in ji ta. "Ba zai kai safiya ba."

Nassirou ya fassara wa Inna. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Keji ai kowa yana iya saye, hawaye ma ya ga masu iya kawo shi da gangan. Ya faɗa wa Inna haka da Hausa, yana murmushi don kada baƙuwar ta gane.

"Kai dai ka cika zargi kamar ubanka," in ji Inna. "Shi har akuyar maƙwabta yake cewa aiko ta aka yi. Ni abin da na gani, in tsuntsun nan ya bar bishiya, mutanen nan za su bar ciyawa. In ba su tafi ba, ka ga ka yi gaskiya, sai ka kai ni ramin Idrissa."

"Wa zai kama shi? Sai an kira hukuma."

"Ɗauko mini kwandon tsane shinkafa, babban. Da buhun da ka sayo jiya, kada ka yanka bakinsa, warware zaren za ka yi."

Da asubar Asabar, gari bai gama wayewa ba, Inna ta idar da salla ta zuge ƙofar baranda kaɗan. Ta shimfiɗa tsohon zane a ƙasan barandar, bayan bango, inda na waje ba zai hanga ba. Ta kifa kwandon, ta ɗaga gefe ɗaya ta tokare shi da asawakinta, ta ɗaura zaren buhu a gindin asawakin, ta jawo shi ta ƙarƙashin ƙofa har cikin falo. A ƙarƙashin kwandon ta ajiye yankan gwanda, jan gefen yana sama. Wani ɗan gutsure kuma ta ɗora a kan bango, na talla. Ta ce haka suke kama tsuntsun tsada suna yara, da ƙwarya da karan dawa, a bayan rumbu. Ta zauna a ƙasa ta naɗe zaren a yatsa. Martina ta durƙusa a gefenta da keji. Nassirou ya tsaya a bakin labule, ido ɗaya a kwando, ido ɗaya a wurin ajiye motoci.

Kurege ne ya fara zuwa. Ya ɗauke na kan bango, ya zauna ya cinye a gabansu, ya sauko ya nufi kwandon. Martina ta yi wata addu'a da yarensu. Inna ta ɗan buga gilashi da carbi, ya tsaya, ya harare ta, ya haye bango ya tafi ba gaggawa.

Sama ta fara fari. Wata mota ta shigo ta tsaya, aka kashe fitila. Nassirou ya gane mai tuƙin.

"Inna, dogon ya iso."

"Ka yi mini shiru."

Sai ga siririn kukan nan daga bishiya. Ɗan shuɗin ya sauka a kan bango, ya kumbura gashinsa saboda sanyi har ya zama kamar curin auduga. Kwana biyu ke nan ba faranti. Ya dubi inda gutsuren yake da, ya karkata kai ya leƙa ƙasa. Ya dira a kan zane. Ya yi tsalle ya matso, ya ja da baya, ya leƙa ƙarƙashin kwandon ta wannan gefe, ya zagaya ya leƙa ta wancan. Nassirou ya ga kamar shi ma bai yarda da kowa ba. Can waje aka rufe ƙofar mota, aka buɗe but.

Tsuntsun ya shiga. Inna ba ta ja ba. Ta bari sai da ya kafa baki a gwandar ya juya bindi waje, sannan ta ɗan motsa yatsa. Kwandon ya kifu.

Ta jawo zanen gaba ɗaya zuwa cikin falo, da kwandon da abin da ke fafur-fafur a ciki. Martina ta zura hannu ta ƙarƙashi tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta fito da shi a tafinta, ta sa a keji. Suka ajiye kejin a kwandon wanki, suka tula zannuwan gado a kai. Martina ta ɗauka ta fita ta ƙofar ciki, ta haye matakala kamar kowace mace da ta dawo daga wanki.

Da hantsi ciyawar ta cika. Motoci har kan titi, wasu da lambar Virginia. Suka kafa kyamarori a kan ƙafafu uku, suka yi shiru, suka jira. Nassirou ya mayar da faranti kan bango da hannunsa, ya cika shi da gwanda, ya ja labule. Gwarare suka zo suka yi biki. Wata mata mai ɗan littafi ta ƙwanƙwasa ƙofa, Safiatou ta leƙa ta ce masu gidan suna hutawa. Da azahar aka fara naɗe ƙafafun kyamara. Idrissa ya yi waya daga Sterling yana tambaya ko sun taso.

"Dakata tukuna," in ji Nassirou. "Zan kira ka."

Da la'asar saura mutum ɗaya. Nassirou ya fito kamar zai duba taya, Jerome ya matso yana hura hannu.

"Ka gan shi yau?"

"Ga faranti can, na mayar kamar yadda ka ce."

Jerome ya gyaɗa kai. Wataƙila shaho ne, in ji shi, ko mage, ko sanyin jiya. Yana cikin magana sai wani siririn ƙiiƙii ya sauko daga sama, ta bayan labulen Martina. Jerome ya katse maganar. Ya karkata kai kamar yadda tsuntsun yake yi. Ya dubi tagar sama, ya dubi ta ƙasa, ya dubi Nassirou, ya daɗe yana dubansa. Bai ɗaga madubinsa ba.

"Injin ɗumama ɗaki ne," in ji Nassirou. Nan take ya tuna gargaɗin lauya, ya ji kunya ta kama shi.

"Nawa ma haka yake kuka," in ji Jerome. Ya ciro waya ya ɗan latsa. "Zan rubuta cewa ba a sake ganinsa ba. Hoton nan kuma na yanke gefensa tun jiya, tsuntsun kawai na bari. Na ga ba ka so." Ya rataya madubin a kafaɗa. "Ka gai da mai faranti."

Nassirou ya tsaya har motar ta fice daga unguwa. Bai san ko mutumin kirki ya gani ba, ko kuwa wanda ya ƙware a aikinsa. Lambar motar dai ya haddace ta.

Washegari ciyawa ta wayi gari fari fat da sanyi, ruwan murfin kwalba ya daskare, gindin bishiya babu kowa. Litinin ma babu kowa. Ran nan ya kira Idrissa ya ce a bar maganar. Safiatou ta mayar da akwati saman kabad.

Inna ta janye kujerar da ta danne labule, ta buɗe shi har ƙarshe, ta zauna a wurinta. Ta kwance zaren buhu daga asawakinta, ta ɗauraye shi, ta sa a baki. Ta cikin silin kukan yana saukowa, siriri, ba daɗi, ba fasawa.

"Mai Mota, in ka dawo ka biya ka sayo gwanda. Biyu. Ɗaya ta sama ce."

Ya ce to. Ya fita ya tayar da mota, ya karkata madubi wajen bishiyar, ya ɗan jima yana kallo, sannan ya ja.